Gorar da Na Mayar wa Inna

Sana'ata fitar da kaya ce a bakin gadar Gaya, kan iyakar ƙasarmu Nijar. Tiranzite ake ce mana: mu ne masu shiga tsakanin mai kaya da ofishin duwan, wato kwastan, mu cika takardu, mu bi layi, mu yi ta magana har kamiyo, babbar motar kaya, ya samu hanya. Na haura shekara ashirin ina wannan aiki, kuma ba yabon kai ba, an san ni. In takarda ta maƙale, ni ake nema. Na san wanda ake gaisarwa da Zabarmanci, na san wanda sai ka tambayi lafiyar tsohuwarsa kafin ya ɗago kai, na san wanda in ya ce a'a da safe, sai ka koma masa bayan azahar. Abin da na tsaya a kai shi ne, babu ƙofar da baki ba ya buɗewa, babu kuma farashin da ba a ragewa. Matata takan ce ko likkafanina aka je saye, sai na tashi zaune na taya.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna: Yaya, ɗan farinta, da ni auta, mata uku a tsakaninmu. Inna mutuniyar Tunuga ce, wani gari a yankinmu, irin matan da, masu kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunan Yaya ba. "Mutumin nan" take cewa, ko "wancan". In ya shigo gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Ni kuwa har na yi gemu tana ɓoye mini ƙanzon tuwo. Ranar da Yaya zai tafi Faransa karatu, unguwa duka ta raka shi tasha, ita ta ce tana da daka. Na dawo na tarar da ita tana dakan geron da ya riga ya zama gari tuntuni.

Babanmu direban kamiyo ne. A zamaninsa kayan Kwatano jirgin ƙasa ke kawo su Paraku, daga nan manyan motoci su ɗauko su zuwa Nijar. Sau ɗaya, a hutun lakwal, da aka rufe makaranta, ya tafi da mu Paraku. A can muka fara ganin jirgin ƙasa. Ni na ruga na ɓuya bayan Baba saboda ƙararsa, Yaya kuwa ya tsaya yana ƙirga taragai da yatsa. A hanyar dawowa ya ce mini, "Auta, wata rana ni da kai za mu hau shi, in ba ka wajen taga." Tun muna yara ake cewa jirgi zai iso Gaya. Mun yi furfura, har yau ana cewa.

Yaya ya gama karatu ya zauna a Marsey, wani babban gari a kudancin Faransa bakin teku, yana aikin gyaran injinan jiragen ruwa. Ya auri ƴar Dosso, suka haifi yara biyu. Da farko yakan zo duk shekara biyu, daga baya tazarar ta yi ta tsawo. Lokacin da matarsa ta kira ni ta ce ciwon hanta ya kwantar da shi, shekara tara ke nan rabon da in sa shi a ido. Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce lokotoro ya ce a kira wanda za a kira. Gidan likita ya aiko da takarda, na tafi Yamai neman biza, na yi mako biyar ina zirga-zirga kafin ta fito.

Ana gobe zan tashi, da hantsi, Inna ta aiko in zo. Ashe jiya ta hau babur ɗin kabu-kabu, ita da ko kasuwa ta daina zuwa saboda gwiwa, ta tafi Tunuga. Ta ɗebo ruwa a rijiyar gidan mahaifinta, gidan da ta je ta haifi Yaya. Ta kai wa tsohon malaminsu ya yi rubutu, aka wanke allon da ruwan. Ga shi nan a gorar roba ta lita ɗaya da rabi, baƙi-baƙi, an naɗe murfin da leda, an ɗaure da ƙyallen da ta yago daga tsohon zanenta. Ba ta miƙo mini ba. Ta tura gorar da bayan hannu a kan tabarma, idonta yana waje.

"Ka kai ma mutumin nan," ta ce. "Hannu da hannu. Kak ka ba kowa riƙo."

"To, Inna. Ba wata magana da zan hwaɗa mishi?"

"Wace magana? Tashi ka tahi, rana na yi."

Wanda bai tashi a garin matafiya ba, ba zai san nauyin saƙo ba. A Gaya mutum yana iya yar da jakarsa a hanya, ya dawo a yi masa jaje. Amma ya yar da saƙon wani, wannan har jikokinsa sai an goranta musu. Direba yakan kwana a hanya da ƙullin daddawar wata tsohuwa a ƙarƙashin kujerarsa, ba zai bar garin ba sai ya nemo mai ita. In kuma saƙo bai isa ba, ba a ci, ba a bayarwa, mai shi ake mayar wa. Wannan kuwa ya wuce saƙo a wurina. Shekara hamsin da biyu matar nan ba ta ce wa ɗanta komai ba, yau ta ɗura abin da ke ranta a gora ta ɗora mini.

Tikitin da ya fi araha daga Yamai ba Faransa yake sauka ba, Buruksel yake sauka, babban birnin Beljik. Shi na saya, da hujjar cewa ina da mai tarbata a can: ɗan kawuna, taubashina, wanda yake aikin rarraba kaya da mota. Gorar na naɗe ta da riguna na sa a tsakiyar babbar balis, akwatin tafiyata, aka shigar da ita cikin jirgi tare da kayan kowa. Duk tsawon tafiyar raina bai kwanta ba, don an ce kada in ba kowa riƙo, ga shi na ba mutanen da ban ko ga fuskarsu ba. Da na sauka ranar Talata da safe, kafin in gaisa da ɗan kawuna sosai, sai da na buɗe balis a tsakiyar mutane na taɓa gorar.

A gidansa, muna shan shayi, ya jawo salula ya nuna mini hanyoyi biyu. Akwai jirgin ƙasa da zai tashi da tsakar rana daga tsakiyar gari, ya kai ni Marsey kafin magariba, yau ɗin nan. Akwai kuma jirgin sama irin na masu rahusa, gobe da hantsi, daga wani ƙaramin fili da ke nesa da gari, tafiyar awa guda a kar, wato motar bas. Na dubi kuɗin jirgin ƙasa, na mayar da shi sefa a kaina, sai da shayin ya sarƙe ni. Ya ninka na jirgin sama wajen sau biyar.

"Wannan wane irin gari ne," na ce, "da mai tahiya bisa ƙasa ya hi mai tashi sama tsada? Ba a ragi?"

"Wa za ka taya ma? Na'ura?" Ya yi dariya. "Kai bawana, rowar taka har Turai ka zo da ita? Hau jirgin ƙasa. Ba ruwanshi da abin da ke jakarka. Waɗancan na sama, kujera kaɗai sunka saisam maka. Babbar jaka sai ka biya daban, kuma ba su barin ruwa a jakar hannu."

Na tambayi kuɗin babbar jaka, ya faɗa, ya fi kuɗin kujerar kanta. Na ce balis ta zauna a nan har in dawo, gora da riga biyu sun ishe ni. Dama ba na son in sake rabuwa da gorar.

"Na ce maka ba su barin ruwa."

"Bar ni da su. Ni da ke hidda tankar mai a kan iyaka, gora guda za ta gagare ni?"

Kafin mu gama musu na ce a kira Marsey. Matar Yaya ta ɗauka, ta ce ga shi, yau ya tashi da sauƙi, har ya sha kunu. Da na ji muryarsa sai na ji sanyi a raina. Ta yi siriri, amma tasa ce, har da tsokanar.

"Auta, ka iso? An ce ka yi tumbi."

"Sharri ne, Yaya. Ya jiki?"

"Jiki ya gode Allah. Ya tsohuwa?"

"Tana lahiya. Ta ba ni saƙo in kawo maka."

Sai ya ce, "Ni? Ita da kanta?" Na ce ita da kanta, har Tunuga ta je. Na ji yana jan numfashi. Ya ce, "To hau jirgin ƙasa ka taho. Tashar cikin gari take, kusa da likita. Ka nemi wajen taga. Ka ga na cika alkawali ke nan, ko da ba ni ciki."

Na yi dariya na ce masa gobe da hantsi zan faɗo masa daga sama, kafin azahar muna tare. Bai yi musu ba. Matarsa ta karɓi salular ta rage murya ta ce, "Auta, in da hali ka zo yau." Na ce mata mutumin da ke tsokanata da tumbi ai ya samu sauƙi.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, kuɗin suna aljihuna. Ba rashi ya hana ni ba. Hali ne. Na kasa haɗiye cewa zan biya biyar a inda ɗaya zai yi, na ga kamar an mayar da ni baƙauye. Na ce wa kaina wanda ya yi shekara tara da mako biyar yana jira, kwana ɗaya ba zai kashe shi ba. Da waɗannan kalmomin na faɗa a zuciyata, kuma har yau suna dawo mini. Jirgin tsakar rana ya tashi ina kwance a kujerar ɗan kawuna ina barcin gajiya.

Washegari ya sauke ni a tashar kar ya wuce aikinsa, bayan ya sake ce mini in bar gorar ko in biya kuɗin jaka. Na isa filin saura awa guda da ƴan mintoci, ina ganin na yi sammako. A tasharmu wanda ya zo saura awa guda shi ke share wa direba kujera. Na tarar da layi ya yi lanƙwasa uku kamar na masu jiran awon hatsi. Da na kai gaba, rabin lokacin ya tafi. Na ɗora jakata a kan bel ɗin wajen bincike, ta shiga na'ura, ta fito ta wani gefen daban. Wata mata mai furfura, da safar hannu shuɗiya, ta buɗe ta ciro gorar Inna ta ɗaga sama.

"Malam, wannan ba zai wuce ba."

Na gyara tsayuwa, na saki fuska. Nan ne fagena. Na gaishe ta da Faransanci mai kyau, na yaba wahalar aikinsu, na ce ni ma ma'aikacin kan iyaka ne, mun san juna. Na ce ba abin sha ba ne, magani ne. Ta tambayi takardar lokotoro. Na ce irin maganinmu ne na gida, addu'a ce uwa ta aika wa ɗanta da ke kwance. Na ciro takardar gidan likita na nuna mata sunan Yaya. Ta karanta har ƙarshe, kuma na ga abin ya taɓa ta. Ba muguwa ba ce. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma ba zai wuce ba.

Na ce a kira mini shef. A wurinmu in ƙarami ya ƙi, babba yakan duba. Shef ya zo, saurayi ne da bai kai ɗana na fari ba, ya saurare ni da ladabi, ya maimaita abin da ta faɗa kalma da kalma. Na canza salo, na yi roƙo, na yi fushi kaɗan, na koma roƙo. Duk dabarar da na tara a shekara ashirin na zazzage ta a gaban teburin nan, mutane suna ratsa ni ta hagu da dama. Matar ta ce hanya uku ce: in shanye shi a nan, ko in jefa a kwandon da ke gefenta, ko in koma gishe, teburin masu karɓar kaya, in biya a sa jakar cikin kaya. Na leƙa kwandon. Gorunan lemo ne a ciki da ragowar madarar jarirai. Na ce ba don ni aka rubuta ba, ba zan sha ba. Na fizgi jakata na koma da gudu, yanzu a shirye nake in biya ko nawa ne.

Gishe a rufe. Wata yarinya tana tattara takardu ta ce an daina karɓar kaya tun ɗazu, lokacin da nake can ina zuba Faransanci. Ta dubi agogo ta ce in na bar gorar na ruga yanzu, zan iya samun jirgin, ƙofa ba ta rufe ba tukuna.

Na tsaya a tsakiyar filin nan da gora a hannu. Na san abin da ke gabana sarai, ba zan ce ruɗewa na yi ba. In na ajiye ta, kafin azahar ina gefen gadon Yaya. Amma in shiga in ce masa me? Jiya na ji yadda numfashinsa ya canza da na ce Inna ta aiko. In ce masa abin da ya jira shekara hamsin da biyu yana cikin kwandon shara a Beljik? In koma Gaya kuma in kalli tsohuwar nan da ta hau kabu-kabu da ciwon gwiwa? Na tuna muryarsa ta jiya, mai ƙarfi, mai dariya. Na ce ai da sauƙi, zai jira ni zuwa yamma. Na rungume gorar, ina ji aka yi kiran ƙarshe, ban motsa ba.

Jirginsu na gaba zuwa Marsey sai jibi. Na koma kar, awa guda zuwa Buruksel. Jirgin ƙasa na tsakar rana, irin wanda na ƙi jiya, ya tashi ina kan hanya. Na samu na bayansa, kuɗinsa ya ɗara na jiya, na biya ban ce uffan ba. Ba wanda ya buɗe jakata, ba wanda ya tambaye ni komai. Na duba lambar kujerata, sai ga ta wajen taga. Na kira matar Yaya in faɗa mata, ba ta ɗauka ba. Na rubuta mata cewa na rasa jirgi, ina tafe ta ƙasa, zan iso da yamma.

Abin da Yaya yake so in gani, na gani. Gonaki shimfiɗe kamar an yi musu guga, shanu masu ƙiba ba makiyayi, ƙauyuka suna wucewa kafin ka gama kallonsu. Ba girgiza, ba ƙara. Na ɗora gorar a kan ɗan teburin gabana, ruwan ko motsi ba ya yi. Har na fara shirya yadda zan ba shi labarin matar mai safar hannu, don na san zai yi dariya har ya yi tari, ya ce yau an kama tiranzite da kaya.

Wajen la'asar salula ta yi ƙara. Matarsa ce. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Auta, sai haƙuri. Yayanka ya cika."

Da a kar ɗinmu ne na Gaya zuwa Dosso, da salati ɗaya zan yi mota duka ta ɗauka. Da direba ya gangara gefen hanya, da wata tsohuwa ta dafa ni, da wani ya miƙo ruwa, da an yi masa addu'a tun kafin a san sunansa. A nan mutumin da ke gefena yana karatu, na gabana ya toshe kunnuwansa. Na ce innalillahi a hankali don kada in dame su. Na tashi na je wajen ƙofa, inda tarago ke haɗuwa da tarago, na tsuguna tsakanin akwatunan mutane na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Baba. Saura awa biyu da rabi mu isa, kuma jirgin bai yi lattin minti ɗaya ba.

Gaskiyar Yaya, tashar a cikin gari take. Da ƙafa na ƙarasa gidan likita, rana ba ta ma faɗi ba. An rufe shi da farin ƙyalle. Na buɗe fuskarsa, ya tsufa, ya koma kamar Baba sak. Matarsa ba ta yi mini gori ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ni na matsa mata da tambaya, ta ce tun safe idonsa biyu. Ya sa an ɗaga masa gado, an wanke masa fuska, ya ce a ajiye kofi a kusa don saƙon tsohuwa. Da azahar ta yi ya tambaya sau biyu ko na sauka. Ta karanta masa abin da na rubuta, ya yi murmushi ya ce, "Ashe dai ya hau." Bayan nan bai ƙara magana ba. Kofin yana nan a kan ƙaramin teburin gefen gado, ba a ɗauke ba.

A can muka binne shi, a ɓangaren Musulmi. Matarsa ta ce ko a ba yaran rubutun su sha. Na ce a'a, ba su aka aika wa ba. Na koma Buruksel a jirgin ƙasa, na ɗauki balis, na sake naɗe gorar da riguna. Ɗan kawuna, wanda bakinsa ba ya shiru a kaina tun muna yara, bai ce mini ai na faɗa maka ba. Har ya kai ni fili bai tsokane ni ko sau ɗaya ba.

Na iso Gaya an riga an share zaman makoki. Na bari sai da masu gaisuwa suka ragu, da hantsi, na shiga ɗakin Inna. Tana kan tabarmar nan dai, da tasbaha. Ƴan'uwana mata sun ce tun da aka faɗa mata ba ta yi kuka a gaban kowa ba, cewa kawai ta yi Allah ya jiƙan Musulmi. Na durƙusa na gaishe ta, na ciro gorar na ajiye a gabanta. Ƙullin ƙyallenta yana nan yadda ta ɗaura shi.

Ta daɗe tana kallonta.

"Ba ka iske shi ba?"

Na yi niyyar in ce jirgi ne ya yi latti, kowa zai yarda. Amma na kasa. Na faɗa mata duka: jirgin ƙasan da na ƙi saboda tsada, da matar da ta hana ni wucewa, da gishen da aka rufe. Na ce an ba ni zaɓi, in yar da gorar in same shi da rai, ko in riƙe ta in bi ta ƙasa. Ina faɗa ina sa ran ko a nan za ta ce na kyauta, na riƙe amana.

"Na ƙi yarda in yas da saƙonki, Inna. Kin ce hannu da hannu."

Ta jawo gorar ta ɗora a cinyarta. Ta shafa ƙullin da babban yatsa. A karo na farko tun shigowata ta ɗago ta dube ni, idonta ya cika.

"Da ka zubas da shi, Auta. Ruwa ne, rijiyar tana nan. Kai ne na aika ma ɗana."

Ban taɓa jin ta ce ɗana ba sai ranar. Ba ta kuma sake faɗa ba har ta bar duniya.